Fam bakwai kofin lemo: daren da 'yan ajinmu sunka kai ni Canal Street

Tun da na dawo gida ba a bar ni na huta ba kan hoton nan. Wata 'yar ajinmu ce ta ɗora shi a Instagram ta yi tagin ɗina, ina tsaye da kofi a hannu a wata mashaya ta masu neman jinsi ɗaya da ke Canal Street, bayana ga tutarsu mai launin bakan gizo, kahin gari ya waye wani ya yi sikirinshot ya jefa a gurup ɗin WhatsApp na 'yan unguwa, ni ina can Manchesta ta Ingila inda na je karatu ina sharar kwana ban san ana shari'ata a Mabera, nan Sakkwato, ba. Yanzu wata huɗu ke nan da dawowata amma duk daren da na zauna majalisa wurin mai shayi sai wani ya jawo zancen, "to Malam Bature ba mu labarin gidan nan mana." To ga shi zan rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambayata in tura mai. Kuma yadda na saba rubuta sharhin gidan abinci ko shagon gyaran waya haka zan rubuta wanga, abin da ya yi kyau in ce ya yi, wanda bai yi ba in faɗa. Sunan gidan ne kawai ba zan sa ba, kuma za ku ga dalili a gaba.

Yadda anka yi na je. Mu biyar anka haɗa a gurup ɗaya na aikin kwas, ni da wata 'yar Indiya, da wani ɗan Barazil, da Turawan Ingila biyu. Ɗaya daga cikin Turawan nan shi ne ya riƙa jan mu wallahi, yaro ne mai kai, lokacin da kod ɗin kwamfuta da na rubuta ya ƙi tashi saura kwana biyu a miƙa aiki shi ya zauna da ni a laburare har ƙarhe ɗaya na dare. Shi ne kuma da kanshi ya ce a ɗage mitin ɗinmu daga ranar Juma'a da rana saboda ya lura ina fita masallaci, ban roƙe shi ba. Sau biyu suna bina Rusholme, layin nan na Wilmslow Road da anka cika da gidajen abincin halal, sunka ci abin da nake ci ba wanda ya nemi giya. Tun satin farko ya gaya muna shi namiji yake nema kuma yana da wanda suke tare, ya faɗa kamar yadda wani zai ce maka shi ɗan Arsenal ne, ya ci gaba da danna kwamfutarshi. To ranar da munka miƙa aiki cikin Disamba ta zo daidai da zagayowar ranar haihuwarshi, ya ce mu tahi Canal Street, unguwar da irinsu ke taruwa, ya saya muna abin sha. Na yi ta juya abin a raina tun safe, a ƙarshe na ce zan je in yi awa ɗaya in fito. Awa uku na yi.

Lokacin hunturu ne, can magariba kan faɗi tun kahin ƙarhe huɗu na yamma, don haka har isha'i na yi a ɗakina sannan na hau bas a Oxford Road, fam biyu, ana wannan yayyafin nasu da ba ya tsayawa kuma ba ya zama ruwan kirki.

Canal Street ba wani dogon layi ba ne, daga tashar jirgin ƙasa ta Piccadilly ba ka yi minti goma a ƙasa ba ka iso. Gefe ɗaya mashaya ce jere da juna, ɗaya gefen kuma ruwa ne, wata tsohuwar hanyar kwale-kwale da anka haƙa da hannu ana ce mata Rochdale Canal, tun 1804 anka buɗe ta, shekarar da Shehu ya yi hijira zuwa Gudu ke nan in kana son lissafi irin namu. Gine-ginen wurin na jan bulo ne manya manya, da yawansu ɗakunan ajiyar auduga da yadi ne a zamanin da, kuma a garin nan ne anka kafa ƙungiyar noman auduga ta Turawan Ingila, BCGA, a 1902 wadda ta zo ta kakkafa injinan gurzar auduga a su Funtua da Gusau, wato ba mamaki audugar kakanninmu ta taɓa kwana a unguwar. Yanzu fitilu ne ko ina da tutoci.

Kahin mu shiga mai gayyatar ya ce mu ɗan ratsa wani ƙaramin lambu da ke gefe, Sackville Gardens, zai nuna man wani abu tunda ni ɗan kwamfuta ne. Mutum-mutumi ne na tagulla, mutum zaune kan benci riƙe da tuffa. Alan Turing, masanin lissafin nan da ake ɗauka uban ilimin kwamfuta. Wallahi sai da na tsaya. Ni da na yi hadda kan injin Turing a aji uku a Jami'ar Danfodiyo, na zana shi a takardar jarabawa cikin zafin watan Afrilu gumi na ɗiga kan biro, ban taɓa sanin komi game da rayuwar mutumin ba, malaminmu bai faɗa ba mu ma ba mu tambaya ba. Ashe a garin nan ya yi aiki a jami'a bayan yaƙin duniya na biyu, a nan anka kama shi a 1952 saboda alaƙarshi da wani namiji, kotu ta ba shi zaɓi ko gidan yari ko a riƙa yi mai allurar da za ta kashe mai sha'awa, ya zaɓi allura, a 1954 ya mutu yana da shekara 41. Sai 2013 Sarauniya ta yi mai afuwa, yanzu kuma tun 2021 hotonshi ne a kan takardar fam hamsin. Ingilar da muke gani kamar tun fil'azal haka take, sai 1967 sunka fara sassauta dokar. Wani abin mamaki kuma, a 2014 anka fara ɗaura auren jinsi ɗaya a Ingila, a farkon shekarar nan ɗin ce kuma Jonathan ya sa hannu kan dokar da ta haramta shi a Najeriya.

To mun zo ƙofa. Nan ne abin da ban zata ba ya faru, kuma shi ne ya sa na saki jiki.

Mai gadi ne baƙi ƙaton mutum, furfura ta fara fito mai a gemu, da baƙar jaket da katin lasisi ɗaure a damtse. Yana duba shaidar kowa, don can in fuskarka ta yi kama da ta wanda bai kai 25 ba sai ka nuna kati ko da kuwa ruwa ka zo sha. Na miƙa mai fasfo, ya haska da tocila, ya dube ni ya sake duban fasfo, sai kawai na ji an ce "Sakkwato birnin Shehu!" Gabana ya faɗi ras, na ce shi ke nan asiri ya tonu tun ban shiga ba. Ya yi dariya ya ce "kwantar da hankalinka ɗana, ni ɗan zangon Kumasi ne." Hausarshi irin ta Gana ce, ba ruwanta da mace ko namiji, komi "ya" ne, amma tas nake ji. Ya ce kakanshi daga wajejenmu ya taso yana fataucin goro zuwa Gwanja bai koma ba. Na rage murya na ce "Baba, ya kake yi da aiki a nan?" Ya ce "shekara shida ina tsaye ƙofar nan ban taɓa ɗanɗana abin da suke sha ba, da shi nake biya ma yara makaranta. Na yi gadi a gidajen da 'yan kallon ƙwallo ke sha, can ne ake fasa kwalba a kan mutum. Mutanen nan ba su da faɗa. Shiga, wanda ya dame ka ka zo ka gaya mini."

Ciki hawa biyu ne. Abu na farko da ya buge ni zafi ne da ƙara, daga sanyin waje ka faɗo cikin ɗumi kamar ka shiga gidan burodi. Abu na biyu, babu hayaƙin taba ko kaɗan, don tun 2007 anka hana shan taba cikin irin wuraren nan a Ingila, mai sha sai ya fita waje cikin ruwa. Wurin ajiye jaket fam biyu ne, na ƙi biya, na yi ta yawo da tawa a jiki kamar mai zazzaɓi, kuma wannan rowar tawa ta jawo man magana daga baya. Mutanen ciki kuwa ba irin abin da 'yan majalisa ke hasashe ba ne. Akwai samari, akwai 'yan mata, akwai wasu tsofaffi biyu maza masu furfura zaune a lungu suna ta gardama kan wani abu a waya, akwai miji da mata da sunka shigo kallon wasa, akwai 'yan ofis da ko taye ba su cire ba. Ba wanda ya kalle ni sau biyu.

Yanzu ga inda gidan ya ci maki wurina, wato wajen mai haɗa abin sha. Na taɓa bin 'yan aji wata mashaya kusa da makaranta farkon zuwana, da na ce ba ni shan giya sai da anka mai da ni abin hira, wannan ya ce ko kurɓi ɗaya, wancan ya ce ai Allah ba ya gani a nan, mai sayarwar ma da wani murmushi ya miƙo man kok. A nan kuwa wata yarinya ce mai askakken kai da ɗan kunne a hanci, na matsa na ce mata ni Musulmi ne ina son abin da babu giya ko ɗigo. Ko gira ba ta ɗaga ba. Ta jawo wani shafi daban na abubuwan da ba su da giya ta nuna man, na zaɓi wani haɗin citta da lemon tsami da na'a-na'a, sai ta ce in dakata, wanga akan ɗiga mai wani ɗan ruwan ɗaci don ƙamshi kuma shi ruwan yana da giya a ciki, in ina so za ta cire. Ni ban ma san da shi ba, da ta yi shiru da na sha ban sani ba. Sannan ta ajiye gwangwanin girgizawa da ke hannunta ta ɗauko wani wankakke daga ƙasa, ta sake ɗauraye shi a gabana, ta haɗa. Na ga sunan jinja biya a kwalbar da za ta zuba na ce tsaya, ta juya man bayan kwalbar na karanta da idona, lemon citta ne kawai suna ne ya ɓata shi. Duk wannan ga layi a bayana amma ba ta nuna gajiya ba.

Ɗanɗano? Ya yi daɗi ba laifi, kamar lamurjen azumi da anka sa ma gas, cittar na kama maƙoshi yadda ya kamata. Amma ƙanƙara ta fi rabin kofin, kurɓi biyar na ji tsinke na jan iska. Kuɗi kuma fam bakwai. Lokacin fam ɗaya na neman naira dubu biyu, wato kusan dubu goma sha huɗu na shanye a tsaye, kuɗin da in na kai wa mai balangu a nan sai ya tambaye ni ko baƙi na yi. Na farko mai gayyata ya biya, na biyu ni na biya na ji a jikina, daga nan na koma ruwan famfo wanda doka ta ce duk gidan da ke sayar da giya dole ya ba ka kyauta in ka nema. Kuma ba su karɓar tsabar kuɗi, kati kawai ko waya, ka ɗora ta yi ƙit kuɗinka sun tahi ba ka ma ji zafin ƙirgawa ba, wanda shi ne hatsarin. Abinci babu, sai ɗan soyayyen dankali na leda da gyaɗa. Wanda zai je ya ci tuwonshi tun daga gida.

Wajen ƙarhe goma anka rage fitila anka fara wasa. Wanda ke jan ragamar wasan namiji ne da ya yi shigar mata, su suna ce musu dirag kwin, dogo ne sosai ga takalmi mai tsini ga gashin kanti ja kamar an kunna wuta a kai, doguwar riga sai walƙiya take. Ana sa waƙa yana motsa baki yana rawa, amma ba wannan ne gwanintar ba, gwanintar tana bakinshi. In ya kashe waƙa ya riƙe makirfo sai ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya da habaici, wannan ya taɓa rigarshi, wancan ya taɓa askinshi, kowa na dariya har wanda anka taɓa ɗin. Ina ta ɓoyewa bayan ɗan Barazil amma ina, jaket ta tona ni. Ya nuna ni ya ce wane ne wancan da ya shigo da bargo, ko an ce mai za a yi dusar ƙanƙara a ciki? Daga ina? Na ce Najeriya. Ya dafe ƙirji ya ce to a faɗi gaskiya tsakani da Allah, shinkafar jollof ɗinku ko ta Gana? Na ce tamu mana, ya ce in yi a hankali mai gadin ƙofa na ji. Wuri ya kwashe da dariya, Baba daga bakin ƙofa yana ɗaga man yatsa. Ya buɗe baki zai ci gaba sai ya kalli kofin ruwan da ke hannuna ya kalli fuskata, ban san mi ya gani ba, sai kawai ya ce a tafa ma baƙonmu, ya wuce kan wani. Ya san inda zai tsaya.

Kuma a daidai nan ne hankalina ya bar Manchesta ya dawo gida, don wallahi na san wannan dafe ƙirjin, na san wannan karya wuyan da juya ido, na san bakin nan mai yanka ba jini. Duk ɗan Sakkwaton da ya yi yawon cin abincin dare ya san shi.

Lokacin muna ɗalibai akwai wani ɗan daudu mai tuwo can wajen tasha, ba zan faɗi sunan da ake kiranshi ba, waɗanda sunka sani sun sani. In mun gama karatun dare cikinmu na kuka sai mu hau kabu-kabu mu uku kan mashin ɗaya mu nufi wurinshi. Tuwon shinkafa da miyar taushe, farfesun kaza, wani lokaci dafa-duka da yajin daddawa. Yana zaune kan kujera 'yar tsugunno da zane ɗaure a ƙugu kan wandonshi, fitilar ƙwai a gefe, ludayi a hannu kamar sandar sarauta. Direbobi, 'yan kamasho, 'yan sanda masu sintiri, har da wasu masu manyan riguna da kan faka mota nesa su aiko yaro da kula, kowa nan yake ci, don duk garin ba mai miya irin tashi. In direba ya yi mai wargi sai ya tafa hannu ya ce "ahayye, ni za ka gaya ma? Je ka biya bashin jiya tukuna kahin ka buɗe man baki," wuri ya ɗauki shewa. In an kira isha'i kuma sai ya kwance zanen ya rufe tukunya ya bar yaronshi, ya je ya yi alwala ya tsaya can sahun baya.

Yana da wani littafi na bashi mai maiƙo a bango, rabinshi sunayen ɗalibai ne. Akwai daren da na je ba ko sisi a aljihuna, kuɗin gida ba su iso ba, na tsaya nesa ina kallon abokaina na ci ina cewa na ƙoshi. Ya kalle ni ya ce "kai ɗan Inna, zo nan. Wa kake ma ƙarya? Cikinka har nan nake jin shi." Ya zuba man malmala biyu ya ɗora man cinyar kaza ya ce "ci, ilimi kake nema, in ka zama gwamna ka tuna da uwarka." Na ci na side kwano. Kuma a hanyar komawa, kan mashin, ni ne na fi kowa iya kwaikwayon muryarshi da tafiyarshi muna ta ƙyaƙyata dariya. Haka muke, mu ci tuwonshi da dare, da rana in mun gan shi a kasuwa mu kau da kai kamar ba mu san shi ba. Naira ɗari shida yake bina har na gama makaranta na tahi hidimar ƙasa ban biya ba. Ina tsaye cikin ƙarar nan da ruwan famfo a hannu, ɗari shidan nan ce ta faɗo man a rai.

To bari in koma kan sharhi kada a ce na kauce. Abubuwan da ba su yi man ba suna da yawa. Ƙarar lasifika ta wuce hankali, in za ka yi magana sai ka sa baki cikin kunnen mutum, washegari kunnena na ta ƙugi har azahar. Ƙasa na danƙo saboda abin da ake zubarwa, takalmina sai ɗaf ɗaf yake. Ban-ɗaki kuwa shi ne mafi muni, ba na maza daban na mata daban ba ne, ƙananan ɗakuna ne jere kowa da ƙofarshi da sakata, wannan bai dame ni ba, abin da ya dame ni layi ne na kusan minti goma sha biyar da ƙasa jiƙe sharkaf da takarda ko ina, buta kuwa ai kada ma ka yi mafarkinta, na gode Allah da 'yar gorar ruwa da ke aljihun jaket ɗin da anka yi ma dariya. Sannan wajen sha ɗaya wasu mata sunka shigo su kusan goma masu rakiyar amarya, sun riga sun yi tatul daga wani wuri, suna ta ture mutane suna jan gashin mai wasa suna ɗaukar kowa bidiyo kamar sun zo gidan zu. Su ne kaɗai sunka ɓata daren. Baba ya shigo ya yi musu magana sau ɗaya a hankali, na biyu ya raka biyu daga cikinsu waje.

Na san tambayar da ke cin 'yan majalisa, ita ce ba su iya yi kai tsaye sai su yi ta kewaye. Eh, wani ya zo ya yi man magana. Ina jingine da bango ya matso ya ce ya ji an ce daga Najeriya nake, ko zai saya man abin sha? Na ce na gode, ni ba haka nake ba, abokina na rako. Ya ce to yi haƙuri, a sha hira lafiya, ya juya ya tahi. Shi ke nan labarin. Bai kai minti ɗaya ba. Na ga yadda samarinmu ke bin yarinya daga Gawon Nama har ƙofar gidansu tana cewa a'a suna ƙara matsawa, don haka ban ga abin da zan ce a kan mutumin nan ba.

Dalilin da ya sa ba zan sa sunan gidan ba kuma na sa anka sauke hoton: a layin ban-ɗakin nan wani yaro da ke gabana ya juyo ya ce man "sannu" can ƙasa-ƙasa, ashe ya ji mu da Baba a ƙofa. Ɗan Arewa ne, bai faɗi garinsu ba ni ma ban tambaya ba. Hannunshi na rawa. Abin da kawai ya ce shi ne "don Allah Yaya, ba ka gan ni ba." Na ce ban gan ka ba. Akwai ma takarda manne a bango tana roƙon kada a ɗauki wanda ba ka sani ba hoto, sai a lokacin na gane amfaninta. Ni da na je rakiya kawai ga irin abin da hoto ɗaya ya jawo man, har Inna sai da labari ya kai mata ta kira ni tana salati, to ina ga shi. Kuma masu yi man saƙo ta bayan fage suna tambayar ko akwai irin wurin nan a Sakkwato, wasu da gaske wasu don su gwada ni, babu, kuma ku daina. Jihar nan tun 2000 take kan shari'a, giya ma sai wanda ya shiga mami a bariki, sannan dokar tarayya ta 2014 ta yanka shekara 14 ga auren jinsi ɗaya, shekara 10 ga mai buɗe irin kulob ɗin nan ko mai shiga harkarshi.

Yayana da na dawo ya zaunar da ni a zaure ya ce "kai da karatunka ka san zama inda ake shan giya bai kamata ba ko da ba ka sha." Na ce haka ne Yaya, ban yi gardama ba don gaskiya ya faɗa. Abin da na karanta tun makarantar allo yana nan inda yake, ban je can don in canza shi ba, kuma cikin awa ukun nan ba wanda ya nemi in canza. In an ce in ba da maki, karɓar baƙo da mutunta wanda ba ya sha biyar cikin biyar, tsaro biyar saboda Baba, wasa huɗu, tsada biyu, ban-ɗaki ɗaya ita ma don sakatar na aiki. Zan koma? Ina jin a'a, warin giya da ƙarar nan ba nawa ba ne, ni ɗan shayi da benci ne. Da za mu fito wajen sha biyu da rabi Baba ya jawo ni gefe ya ciro goro daga aljihu, fari, naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, ya ɓara ya ba ni rabi ya ce "in ka koma ka gaishe mini da Hubbaren Shehu." Shi na yi ta tauna a bas har gida.

Sati biyu da dawowata na ɗauki mashin bayan isha'i na tahi wajen tasha. An canza wurin, an yi shaguna inda rumfar take, sai da na yi tambaya wajen wani mai faci sannan ya nuna man can gaba kusa da masu lemo. Yaron nan da ke wanke mai kwanoni ne zaune kan kujerar, ya zama babban mutum har da ɗan tumbi. Na tambayi maigidanshi ya ce ai ya rasu shekara uku ke nan, ciwon suga, a asibiti ya cika. Na yi mai ta'aziyya na ce akwai bashin da yake bina, ɗari shida. Ya yi dariya ya ce littafin ma tun yana da rai ya sa anka hura wuta da shi, wai ɗalibai ba su biya sai dai Allah ya biya. Na ce duk da haka, na ƙirga dubu biyar na ba shi na ce a yi mai sadaka. Ya karɓa da hannu biyu, ya jawo kwano ya zuba man malmala biyu bai tambaye ni ba. Tuwon ya tuƙu, miyar ce dai gishiri ya ɗan yi mata yawa.